Bashin da ake ci a lokacin matsi, a kan hanya ake biyan sa

Masu bin babbar hanyar da ta taso daga Ngaundere ta ratsa Garwa da Marwa har ta dangana da Kusiri sun san cewa hatsarin mota yana da lokutan da yake yawaita. Idan aka fara awon auduga kuɗi suka shiga hannun manoma, ko albasa ta yi daraja a kasuwannin kudu, ko Sallah ta gabato, tasha takan cika maƙil, labarin mutuwa a hanya kuma yakan yi yawa. Mun saba danganta wannan da gangancin direba ko da ƙarewar kwana, kuma ba na musun ko ɗaya daga cikin biyun. Amma akwai wani dalili da ba a cika ambatonsa a zaman makoki ba, wato hawa da saukar tattalin arziki. A ganina, a arewacin Kamaru da Chadi, duk abin da hukuma da masu motoci suka tsuke hannu a kansa a shekarun matsi bashi ne, kuma fasinjoji da masu tafiya a ƙasa ne suke biyan sa da rayukansu idan kasuwa ta sake buɗewa.

A ƙasashe masu arziki an daɗe da lura da wani abu da ke ba mutane mamaki idan suka fara jin sa: duk lokacin da tattalin arziki ya durƙushe, mutuwa a kan hanya takan ragu. A Amurka mutum fiye da 54,000 suka mutu a hatsarin mota a 1973, amma da rikicin man fetur na wannan shekara ya sa mai ya yi tsada aka kuma taƙaita gudu, sai adadin ya sauko zuwa kimanin 45,000 a 1974. Haka aka sake gani lokacin rushewar bankuna ta 2008, inda mamatan suka ragu daga kimanin 41,000 a 2007 zuwa ƙasa da 34,000 a 2009. A Sifen, inda rashin aikin yi ya yi ƙamari a waɗannan shekaru, adadin ya faɗo daga kimanin 3,800 a 2007 zuwa ƙasa da 1,700 a 2013, ko da yake tsaurara dokokin tuƙi ya taimaka. Masanin tattalin arziki Christopher Ruhm ya nuna tun a 2000 cewa a Amurka, idan rashin aikin yi ya ƙaru, mutuwar hatsarin mota tana cikin abubuwan da suka fi raguwa. Dalilin ba ɓoyayye ba ne. Wanda ya rasa aiki ba ya fita da mota kullum, manyan motocin kaya suna raguwa saboda masana'antu sun rage aiki, matasa waɗanda suka fi kowa yin hatsari su ne suke fara ajiye mota idan aljihu ya bushe, masu zuwa mashaya da dare su tuƙo mota su ma suna raguwa.

Wanda ya ɗauko wannan darasi ya ɗora shi a kan Garwa ko Injamena ba tare da tunani ba zai yi kuskure babba. Baturen da ya rasa aiki yana da abin da hukuma ke ba shi ya ci kafin ya sami wani, saboda haka yana iya zama a gida. Matashin da ya rasa aiki a Marwa ba shi da wannan gata, kuma abu na farko da yake yi shi ne ya nemi wanda zai ba shi babur ya shiga kilando, wato sana'ar ɗaukar fasinja a babur. Matsin da ke janye mutane daga hanya a can, a nan turo su yake yi kanta. Masu bincike biyu, Elizabeth Kopits da Maureen Cropper, sun duba alƙaluman ƙasashe da yawa na shekaru da dama, suka gano cewa mutuwar hanya tana ƙaruwa tare da ƙaruwar arzikin ƙasa har sai an kai wani matsayi, daga nan ne take fara sauka, domin a lokacin ne ƙasa ke iya gina hanya mai kyau, ta riƙe asibitoci, ta kuma tilasta bin doka. Kamaru da Chadi suna can ƙasa da wannan matsayi, a gefen da hawa ake yi. Rahoton Hukumar Lafiya ta Duniya na 2023 ya ƙiyasta cewa mutum miliyan 1.19 ke mutuwa a hanya kowace shekara, kuma yankin Afirka, wanda motocinsa ba su wuce kashi 3 cikin 100 na motocin duniya ba, shi ke ɗauke da kusan kashi ɗaya cikin biyar na mamatan.

Tarihinmu na kusa ya isa shaida. Daga tsakiyar shekarun 1980 farashin man fetur da koko da kofi da auduga ya faɗi, Kamaru ta shiga matsin da ya ɗauki kusan shekara goma. A 1993 aka zaftare albashin ma'aikata sau biyu, a watan Janairu na 1994 aka karya darajar sefa da rabi, abin da ya ninka kuɗin duk wani kayan gyaran mota da ake shigowa da shi daga waje, a 1995 kuma kamfanin bas na gwamnati da ke jigila a Duwala da Yawunde ya rufe. A cikin wannan yanayi ne sana'ar babur ta bunƙasa. Mu a arewa mun riga kudu saninta, saboda kusancinmu da Mubi da Yola da Maiduguri, inda babur da mai suke shigowa da araha. Ba na cikin masu zagin 'yan kilando. Sana'ar ta rufa wa gidaje masu yawa asiri, ta kai mai naƙuda asibiti a unguwannin da mota ba ta shiga, ta hana matasa da yawa faɗawa abin da ya fi wannan muni. Sai dai dole a faɗi gaskiya cewa matsi ne ya haife ta, kuma ta taso ba tare da koyon tuƙi ba, ba lasisi, ba hular kwano, ba inshora. Da arziki ya ɗan farfaɗo daga baya, babur bai koma ba. Ƙaruwa ma ya yi, domin yanzu masu saye sun yi yawa, kuma baburan China da Indiya sun sauko da farashi.

A nan ne ya kamata a tsaya a duba abin da matsi ke yi wa motar haya tun kafin ta bar tasha. Mai mota yana da abubuwan da ba ya iya kauce musu: mai, kuɗin ƙungiya, abin da ake miƙawa a shingayen hanya, da abin da zai kai gida. Abin da yake iya jinkirtawa shi ne gyara, saboda haka gyara ne ke fara shan wuya. Duk wanda ya taɓa zama a rumfar mai faci a bakin tasha ya ga yadda ake kwantar da tayar da ta suɗe, a ɗauko wuƙa mai zafi a sake yanka mata zane layi-layi har ta yi kamar sabuwa, alhali abin da ya rage tsakanin kwalta da wayar cikinta bai kai kaurin ɗan yatsa ba. Wannan taya ce za a ɗora wa buhunan masara da mutum goma sha takwas, ta hau kwaltar watan Afrilu da rana tsaka, lokacin da zafi a Garwa yake wuce digiri 40. Haka birki, haka fitila, haka ƙafar gaba da aka yi wa walda maimakon a canza ta. Mafi yawan motocin ma tun asali na gwanjo ne da suka gama aikinsu a Turai. Hukumar Kula da Muhalli ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta ƙirga cewa tsakanin 2015 da 2018 an fitar da tsofaffin ƙananan motoci miliyan 14 daga Turai da Amurka da Japan, kuma Afirka ce ta karɓi kaso mafi girma.

Direban ma matsin a wuyansa yake sauka. Idan fasinja ya yi ƙaranci, ba ya tashi sai mota ta cika ta batse, kuma lokacin da ya ɓata yana jiran lodi a kan hanya yake neman rama shi da gudu. Da yawa daga cikin direbobi ba albashin kirki suke da shi ba, sawun da suka yi shi ne abincinsu, ɗan kilando kuwa sai ya haɗa abin da zai kai wa mai babur kafin ya fara neman na kansa. Mutumin da aka ɗaura cin abincinsa a kan yawan sawu, an riga an yanke masa shawarar ko zai yi barci ko ba zai yi ba. Daga nan ne shan ƙwaya irin su taramol ya sami gindin zama a tsakanin matasan da ke kan hanya dare da rana, kuma ina ganin zalunci ne a tsaya ga zagin yaron da ya sha, a bar tsarin biyan da ya sa yake ganin hutu asara ne.

Hukuma ita ma halinta ɗaya da mai mota. Idan kuɗin shiga ya ragu, albashi da tsaro da biyan bashi ba sa jira, amma cike ramin hanya yana jira, domin ramin ba ya yajin aiki. Chadi ta ga wannan ƙarara. Da aka fara fitar da man Doba a 2003 ta bututun da ya kai Kiribi a gaɓar tekun Kamaru, mai tsawon kilomita 1,070, kuɗi sun shigo, an shimfiɗa kwalta, motoci sun cika Injamena da Mundu. Da farashin mai ya karye daga ƙarshen 2014, gwamnati ta fito da matakan tsuke bakin aljihu guda 16 a 2016, ayyuka suka tsaya, 'yan kwangila suka yi ta jiran a biya su. Kwalta kuwa ba ta san wannan uzuri ba. Ƙaramin tsagin da aka bari damina ɗaya yakan zama rami, ramin da aka bari damina uku yakan cinye gefen hanya, sai direba ya riƙa kauce masa yana shiga hannun mai tahowa. A ɓangarenmu na Kamaru rashin tsaro ya ƙara dagula lamarin. Aikin hanyar Mora zuwa Dabanga zuwa Kusiri ya tsaya bayan sace ma'aikata 'yan China goma a Waza a watan Mayu na 2014, kuma shekaru suka wuce manyan motoci suna tafiyar hawainiya a kan abin da ya rage na kwaltar, suna kifewa da kaya a cikin laka.

Lokacin da ya fi ba ni tsoro shi ne lokacin da kasuwa ta dawo. Buƙatar sufuri tana tashi cikin makonni, amma hanya da mota da direba suna nan yadda matsi ya bar su. Jirgin ƙasa iyakarsa Ngaundere tun 1974, saboda haka kusan duk abin da Chadi ke shigowa da shi ta tashar jiragen ruwa ta Duwala, da siminti da ƙarfe da shinkafa da mai, sai ya hau bayan babbar mota ya gangaro ta hawan Mbe, inda hanya ke sauka daga tudun Adamawa zuwa kwarin Binuwai cikin kwana-kwana masu kaifi. Motar da aka yi wa lodi fiye da ƙima, wadda birkinta ya yi shekara biyu yana jiran gyara, a wannan gangare ne asirinta ke tonuwa. Wadda ta tsira daga nan kuma ta mutu a gaba, a tsakiyar hanya ake barin ta kwana da kwanaki, ba alama sai 'yan rassan itace da yaron mota ya jera a kan kwalta, waɗanda direban bas mai tafiyar dare ba ya ganin su sai ya zo kansu. Ana cewa arziki ya dawo, kuma gaskiya ne ya dawo, amma a kan tsohuwar taya ya dawo.

Wannan hawa da sauka ba sai an jira shekara goma ake ganin sa ba, domin kowace shekara yana maimaita kansa a ƙaramin sikeli. Daga kaka zuwa tsakiyar rani, lokacin da kamfanin auduga na Sodecoton ke kwasar auduga zuwa injinan gurza, albasa na gangarawa kudu, shanu na tasowa daga Chadi, matashin ƙauye yakan karɓi kuɗin amfanin gonarsa ya sayi sabon babur, ya hau shi ranar da ya saya ba tare da wani ya koya masa komai ba bayan yadda ake tayarwa da tsayawa. Ranar kasuwa za ka ga motar kaya an tula mata buhuna, mutane kuma a zaune a saman buhunan da ƙafafunsu a waje. Babu wanda bai san waɗannan watanni ba, amma ban ga alamar ana shirya musu ba, wato a ƙara ma'aikata a hanya, a tanadi jini da motar ɗaukar marasa lafiya a asibitocin da ke bakin titi kamar na Figil da Gidar da Mora.

Farashin mai shi ma ya nuna cewa lissafin Turai ba ya aiki a nan yadda yake. A watan Fabrairu na 2023 litar fetur a gidajen mai na Kamaru ta tashi daga sefa 630 zuwa 730, bayan shekara ɗaya ta kai 840. A ranar 29 ga Mayu, 2023 shugaban Najeriya Bola Tinubu ya sanar da janye tallafin mai, sai zuwa-zuwa, wato man da ake fasa-ƙwaurinsa daga Najeriya, wanda shi ne ya riƙe baburanmu shekara da shekaru, shi ma ya yi tsalle. A littafi, tsadar mai tana rage tafiya, ta rage hatsari. A aikace, tana sa ɗan kilando ya ɗauki mutum uku maimakon ɗaya, tana sa direba ya kashe inji a gangare don ya tsimi mai, tana kuma sa a ƙara kujera a inda babu wurinta. Shi kansa safarar man a jarkoki, a kan babur ko a bayan ƙaramar mota, sana'a ce ta waɗanda ba su da wata mafita, kuma Kamaru ba ta manta da abin da ya faru a gangaren Dschang da ke yammacin ƙasar ba a watan Janairu na 2021, lokacin da bas ta yi karo da motar da ke ɗauke da mai, wuta ta tashi, mutum fiye da 50 suka rasu.

Za a iya ce mini ai ko da kuɗi ko babu, mai ganganci mai ganganci ne, kuma akwai gaskiya a ciki. Amurka ma ta shaida haka a 2020, lokacin da annobar korona ta rage zirga-zirga ƙwarai amma mamatan hanya suka ƙaru zuwa kusan 39,000, saboda hanya ta zama fayau masu gudu suka sami fili. Wannan gargaɗi ne gare mu, domin duk sanda aka gyara wani yanki na hanyarmu ya yi sumul, gudu yakan ƙaru a cikin ƙauyukan da kasuwa da makaranta suke bakin kwalta, kuma yara da tsofaffi ne suke fara ɗanɗanawa. Amma abin da wannan ke nunawa shi ne yanayin arziki yana buɗe ƙofar hatsari ne kawai, shigarsa kuma tana hannun hukuma da masu sana'a. Wanda ya ce ƙaddara ce bai yi ƙarya ba, sai dai addininmu bai yarda a fake da ƙaddara a bar sababi ba, kuma mai motar da ya san tayarsa ta mutu ya ɗora mata rayukan mutane yana da tambayar da zai amsa.

Abin da nake kira gare shi ba baƙo ba ne ga wanda ya karanta Suratu Yusuf, inda aka yi umarni a tanadi amfanin shekaru bakwai na yalwa saboda shekaru bakwai na fari. Kamaru tana da asusun kula da hanyoyi, kuma kowane direba yana ajiye sefa 500 a kowane shingen biyan kuɗin hanya. Ya kamata a killace wannan kuɗi da wani kaso na rarar shekarun da mai da auduga suka yi daraja, ta yadda ba za a taɓa shi don wata buƙata ba, a kuma riƙa bayyana wa jama'a nawa aka tara a arewa da nawa aka kashe a kan hanyoyin arewa. Gyaran hanya a shekarar matsi yana da riba biyu, domin yana hana ƙaramar ɓarna zama babba, yana kuma ba matasa aikin yi a daidai lokacin da rashinsa ke tura su kan babur. Haka nan, idan sefa ta yi rauni ko kaya suka yi tsada, rage harajin shigo da sabuwar taya da kayan birki da hular kwano ya fi amfani a kan ƙara yawan shingaye, domin shingen da ake wucewa da ɗan abin hannu ba ya duba taya. Ma'aunin manyan motoci kuma ya kamata ya riƙa sauke kayan da suka wuce ƙima, maimakon a karɓi tara a bar motar ta ci gaba da fasa kwaltar.

Ƙungiyoyin direbobi da masu motoci, waɗanda Hausawa da Fulani da Kanuri da Larabawa Shuwa suke da babbar murya a cikinsu daga Ngaundere har Injamena, suna da abin da za su iya yi ba tare da jiran Yawunde ba. Suna iya tsayar da cewa doguwar tafiya sai da direba biyu, a kuma ba direba albashi tsayayye da ba ya dogara ga yawan sawu, kuma motar da shugabannin tasha suka ga tayarta ta suɗe kada a ba ta layi ko ta wane ce. Na san wannan zai ƙara kuɗin mota kaɗan, kuma na san talaka ne zai ji a jikinsa, amma talakan ne dai yake sayar da gona ko saniya idan mai ciyar da gida ya kwanta wata shida da karaya. Batun miƙa layin dogo daga Ngaundere zuwa Injamena, wanda ƙasashen biyu suka daɗe suna tattaunawa a kansa, shi ne zai sauke mafi nauyin kaya daga kan kwalta, kuma ya cancanci wakilanmu su riƙa tayar da shi a kowane zaman kasafin kuɗi.

Akwai kuma batun ƙidaya. Alƙaluman da hukumomi ke fitarwa a ƙasashenmu sun yi ƙasa sosai da ƙiyasin Hukumar Lafiya ta Duniya, kuma mu mun san ɗaya daga cikin dalilan, domin al'adarmu ce mu gaggauta sallar mamaci mu binne shi, wanda kuma ya rasu a gida bayan mako guda, ko a hannun mai ɗori, ba ya shiga littafin jandarma. Majalisar Ɗinkin Duniya ta sa burin rage mutuwar hanya da rabi tsakanin 2021 da 2030, amma ba a rage abin da ba a ƙirga ba. Lamidai da lawanai da limaman unguwa sun san kowace gawa da aka yi wa sutura a yankinsu. Idan aka ba su littafi suna rubuta ranar hatsari da wurinsa da irin abin hawan, aka haɗa da na asibitoci da na jandarma kowane wata, cikin shekara biyu za a iya ɗora wannan lissafi kusa da farashin mai da lokacin biyan kuɗin auduga, a ga watannin da kuma kilomitocin da ya kamata a fara kai ma'aikata da kuɗin gyara.